Wa'adi, Shiru da Ishara: Tarihin Zaman Zuhudu a Ɗarikar Benedikt

1.0 Gabatarwa

Fiye da shekara 1,600 ke nan ana samun wasu mabiya addinin Kirista, maza da mata, waɗanda ke barin gida da dangi da dukiya, su tare wuri guda, su ɗaure kansu da wa'adin da ba ya ƙarewa sai da mutuwa, sannan su miƙa ragamar yininsu da darensu ga wata rubutacciyar doka. Manufar wannan maƙala ita ce bin diddigin tarihin irin wannan zama a ɗarikar Benedikt da rassan da suka tsiro daga gare ta, tun daga tushensa a Masar har zuwa isowarsa Nijeriya. An fi karkata ga al'amarin harshe, domin kusan kowace ƙa'ida ta wannan rayuwa magana take taɓawa. Da baki da alƙalami ake ɗaukar wa'adi, da harshe ƙayyadadde ake ibada, sauran lokaci kuwa na shiru ne. A cikin wannan shiru aka ƙago wata hanyar sadarwa da hannu wadda ta yi kusan shekara dubu ana amfani da ita, kuma ta yi rauni ƙwarai tun daga shekarun 1960.

Dangane da kalmomi, malaman Hausa sun aro "ruhubananci" da "ruhubanawa" daga Larabci, amma an fi jin su a fagen tafsiri. A nan an zaɓi "ɗan zuhudu" da "gidan zuhudu" saboda sauƙinsu. Kalmar "ɗarika" ita ma aro ce, kuma ba a yi shi don a daidaita wannan tsari da ɗarikun Sufaye ba, tunda mabiyin Ƙadiriyya ko Tijjaniyya yana aure, yana neman abinci, yana zaune cikin jama'a. An kuma fifita "wa'adi" a kan "bakance", domin bakance yakan rataya ne ga biyan wata bukata, shi kuwa wannan babu sharaɗi a cikinsa.

2.0 Tushe a Masar

A Afirka wannan rayuwa ta fara kankama. Antoni, wanda ya rasu a shekarar 356, Baƙibɗe ne da ya rabar da gadonsa ya shiga hamada ya zauna shi kaɗai, kuma tarihinsa da Atanasiyus, bishof na Iskandariyya, ya rubuta da Girkanci shi ya yaɗa labarin har Turai. Kalmar da Girkawa suka kira irin waɗannan mutane da ita ta samo asali ne daga monos, wato guda ko makaɗaici.

Amma zaman kaɗaici yana da haɗarinsa, domin wanda ba shi da mafaɗi yakan wuce gona da iri ko ya yi sakaci. Pakomiyus, tsohon soja, shi ne ya tara masu zuhudu a Tabennisi da ke kudancin Masar wajen shekarar 320, ya kewaye su da katanga, ya raba musu aiki, ya kuma rubuta musu doka da Ƙibɗanci. Kafin rasuwarsa yana da gidaje 9 na maza da 2 na mata. Dokarsa ta wajabta wa duk wanda ya shigo bai iya karatu ba ya koya, ko yana so ko ba ya so. A shekarar 404 Jerom ya fassara ta zuwa Latin ta hanyar Girkanci. Ke nan tun kafin a haifi Benedikt, tunanin zaman zuhudu ya riga ya ratsa harsuna uku.

3.0 Dokar Benedikt

An haifi Benedikt a Nursiya ta ƙasar Italiya wajen shekarar 480. Ya bar karatu a Rum, ya yi zaman kogo a Subiyako, sannan ya kafa gida a kan dutsen Monte Kasino wajen 529, inda ya rasu wajen 547. Kusan duk abin da aka sani game da rayuwarsa daga rubutun Fafaroma Giregori Babba ya fito, wanda aka yi wajen 593. Dokarsa ƙaramin littafi ce mai shimfiɗa da babi 73, kuma masana sun tabbatar cewa ya ɗebi abubuwa da yawa daga wata doka da ta girme ta, wadda ba a san sunan marubucinta ba. Abin da ya sa tasa ta yi fice shi ne sassauci da sanin halin ɗan Adam. Latin ɗin da ya rubuta da shi ma ba na gwanayen adabi ba ne, ya fi kusa da wanda ake magana da shi a Italiya ta ƙarni na 6.

3.1 Wa'adi

Babi na 58 ya tsara yadda ake shiga. Ba a yi wa mai neman shiga maraba da hannu biyu, sai a bar shi a ƙofa kwana 4 ko 5 a ga ko zai jure. Idan ya jure, sai ya shiga shekarar gwaji, inda za a karanta masa dokar daga farko har ƙarshe sau uku: bayan wata 2, bayan ƙarin wata 6, da kuma bayan ƙarin wata 4. A kowane karo yana da damar ya kama gabansa. Hikimar abin ita ce kada wani ya zo daga baya ya ce bai san abin da ya ɗauka ba.

Ranar wa'adi yakan yi alkawarin abubuwa uku a gaban jama'ar gidan. Na farko shi ne tabbata, wato zama a wannan gida da waɗannan mutane har ƙarshen rai. Na biyu biyayya ce ga doka da shugaban gida. Na uku kuwa kalma ce da ta daɗe tana wahalar da masu fassara, wato conversatio morum. Masu kwafar littafi na ƙarnonin baya sun ga kamar kuskure ce, sai suka mayar da ita conversio, mai ma'anar tuba ko juyowa, kuma haka aka riƙa karantawa har farkon ƙarni na 20, lokacin da masu tace tsofaffin rubuce-rubuce suka maido da asalin. Bambancin ba ƙarami ba ne. Tuba abu ne da ake iya yi rana ɗaya, alhali kalmar asali tana nufin riƙe wata hanyar rayuwa kullum. A cikinta ne rashin aure da rashin mallaka suka shiga, domin Benedikt bai ware su a matsayin wa'adi na daban ba. Jerin nan da aka fi sani a yau, na talauci da kamewa da biyayya, sai a ƙarni na 12 da na 13 ya samu gindin zama.

Furuci kaɗai ba ya isa. Dole mai wa'adi ya rubuta takarda da hannunsa ya ɗora a kan bagade, in kuma bai iya rubutu ba, wani ya rubuta masa shi kuma ya sa alamarsa. Daga nan a tuɓe masa tufafin da ya zo da su a sa masa na gida. Ana ajiye tsofaffin tufafin ko da wata rana zai fita, amma takardar ba a mayar masa da ita.

3.2 Tsarin Yini

Shugaban gida ana kiransa abbas da Latin, daga abba ta harshen Aramiyanci, mai ma'anar uba, wadda kunnen Bahaushe ba zai ji baƙuwa ba. 'Yan gidan ne ke zaɓensa, kuma an umurce shi ya nemi shawarar kowa a kan manyan al'amura, har da mafi ƙarancin shekaru. Girma a gidan yana bin ranar da mutum ya shigo ne, don haka ɗan bawa da ya riga ɗan sarki shiga shi ne gaba.

Yini ya kasu uku: ibadar jam'i, aikin hannu, da karatu. Sau 8 ake taruwa don addu'a, ɗaya da dare, 7 kuma daga asuba zuwa lokacin kwanciya, kuma a cikin kowane mako sai an rera Zabura 150 gaba ɗaya. A lokacin sanyi ana tashi a sa'a ta 8 ta dare bisa ƙirgen Rumawa, wato wajen ƙarfe 2. Ana kwana a ɗaki ɗaya, da tufafi a jiki, fitila na ci har safe. Abinci dafaffe kala biyu ne da gurasa laba ɗaya a yini, kuma an hana naman dabba mai ƙafa huɗu sai ga marar lafiya. Daga tsakiyar Satumba zuwa farkon babban azumi sau ɗaya ake cin abinci, wajen ƙarfe 3 na rana. Babu mai mallakar kome, ko da littafi ne ko allo ko abin rubutu. Duk da haka, a farkon babban azumi ana bai wa kowa littafi daga ma'ajiyar gida ya karanta shi daga bango zuwa bango. Wannan ƙa'ida ta karatu na daga cikin abubuwan da suka sa gidajen zuhudu suka zama cibiyoyin kwafar littattafai a Turai.

Dokar ba ta manta da mai laifi ba. Horo yana hawa mataki-mataki, daga gargaɗi a asirce, zuwa tsawa a gaban jama'a, zuwa hana shi ci tare da 'yan'uwa, zuwa hana kowa yi masa magana, har bulala da kora. Wanda kuma aka umurta da abin da yake ganin ya fi ƙarfinsa yana da damar ya bayyana uzurinsa cikin ladabi, amma idan shugaba ya nace sai ya bi.

3.3 Shiru

Benedikt bai haramta magana ba, taƙaita ta ya yi. Ya hana kowace irin magana bayan addu'ar kwanciya, ya hana raha da zancen banza a kowane lokaci, ya kuma ce a wurin cin abinci kada a ji muryar kowa sai ta mai karanta littafi. Wanda ke bukatar wani abu a kan tebur sai ya nema da alama. Wannan ɗan izini shi ne ƙwayar da ta tsiro ta zama babbar bishiya bayan shekara 400.

4.0 Cluny da Haihuwar Ishara

Dokar Benedikt ta zama ta kusan dukkan gidajen daular Faransawa bayan tarukan Aachen na 816 da 817. A shekarar 910 aka kafa gidan Cluny a yankin Burgundi, wanda ya tsawaita ibadar jam'i ƙwarai ya kuma tsananta shiru. A tarihin Odo, shugaban Cluny na biyu, an ruwaito labarin wani ɗan zuhudu da ya ga ɓarawo yana tafiya da doki cikin dare, amma ya ƙi ɗaga murya don kada ya karya shirun dare. Ko labarin ya faru ko bai faru ba, ya nuna darajar da aka bai wa kame baki.

Sai dai gida mai ɗaruruwan mutane, da madafa da rumbu da ɗakin marasa lafiya, ba ya tafiya babu sadarwa. Littattafan al'adun Cluny na ƙarshen ƙarni na 11 sun kawo jerin ishara 118 da ake koya wa sabbin shiga. Alal misali, ana nuna gurasa da yin da'ira da manyan yatsu da manuniya na hannu biyu, kifi kuwa da kaɗa hannu kamar yadda wutsiyarsa ke yi a ruwa. Madara ana nuna ta da ɗora ƙaramin yatsa a leɓe kamar jariri mai shan nono. Mai son littafin wani marubucin da ba Kirista ba yakan yi isharar littafi, sannan ya sosa kunne kamar kare. Daga Cluny abin ya bazu. Akwai jerin ishara 127 da aka rubuta da tsohon Ingilishi a Kantabari a ƙarni na 11, na gidan Hirsau a Jamus kuwa ya kai 359.

Abin lura ga mai nazarin harshe shi ne yawancin isharorin Cluny sunaye ne, na abinci da tufafi da littattafai da muƙamai. Aikatau kaɗan ne, kuma babu wata ingantacciyar hanyar nuna lokaci ko haɗa jimloli. Ana ganin da gangan aka bar tsarin a haka, domin a iya neman gishiri da shi amma a kasa yin gulma. To amma an ce hali zanen dutse. A ƙarshen ƙarni na 12 Gerald na Wales ya ci abinci da 'yan zuhudun Kantabari, ya fito yana kukan cewa hirar da suke yi da yatsu ta fi ta baki yawa.

5.0 Daga Cîteaux zuwa La Trappe

Tarihin wannan ɗarika ya yi ta maimaita abu guda: gida ya yi suna saboda tsantseni, masu hali su yi ta ba shi kyautar gonaki, arziki ya kawo sakaci, sai wasu su ɓalle su koma ga asali. A 1098 Robert na Molesme ya fita da wasu 'yan'uwa suka kafa Cîteaux, da niyyar bin dokar harafi da harafi. Suka rage tsawon ibada, suka maido da aikin gona, suka kuma tsara taron shugabannin gidaje na shekara-shekara. Barnad, wanda ya kafa Clairvaux a 1115, shi ya fi kowa yaɗa wannan reshe, kuma lokacin rasuwarsa a 1153 gidajen sun haura 300.

Su ma sakacin bai bar su ba. A 1664 Armand-Jean de Rancé ya kama ragamar gidan La Trappe a Normandi, ya shimfiɗa tsari mai tsananin gaske na azumi da aikin ƙarfi da shiru kusan dare da rana. Ya kuma ce neman ilmi mai zurfi ba aikin ɗan zuhudu ba ne. Wanda ya mayar masa da martani a 1691 shi ne Jean Mabillon, ɗan ɗarikar Benedikt, wanda littafinsa na 1681 ya aza harsashin ilmin tantance tsofaffin takardu. Ya kamata a gyara wata fahimta da ta yaɗu: 'yan La Trappe ba su taɓa ɗaukar wa'adin shiru ba. Wa'adinsu ukun nan ne na Benedikt, shiru kuwa ƙa'idar gida ce.

A watan Fabrairu na 1790 majalisar juyin juya halin Faransa ta soke wa'adin zuhudu. Wasu 'yan La Trappe suka yi hijira zuwa Suwizalan a 1791, kuma daga waɗannan masu hijira reshen ya sake farfaɗowa, har aka haɗa shi ya zama ɗarika mai cin gashin kanta a 1892. Ɗaya daga cikin gidajensa shi ne Mount Saint Bernard da aka kafa a 1835 a gundumar Leicester ta Ingila, ƙasar da Sarki Henri na 8 ya rushe dukkan gidajen zuhudunta tsakanin 1536 da 1540.

6.0 Tansi: Mai Wa'azin da Ya Zaɓi Shiru

Wannan gida ne Fada Michael Iwene Tansi ya shiga a 1950. An haife shi a Aguleri ta jihar Anambra ta yau a 1903, aka yi masa baftisma a 1912, ya yi aikin koyarwa, sannan aka naɗa shi fada a Onica ranar 19 ga Disamba, 1937. Ya yi shekara 12 yana zagaya ƙauyukan Nnewi da Dunukofia da Akpu da Aguleri, yana wa'azi da harshen Ibo, kuma shi ya yi wa Francis Arinze baftisma, wanda ya zama kadinal a 1985. Bishof Charles Heerey yana da burin a kafa gidan zuhudu a yankinsa, Tansi kuma ya amsa cewa zai je ya koyo.

Yana da shekara 47 ya koma ɗan koyo. Mutumin da ƙauyuka ke taruwa su saurara, ya zama yana neman gurasa da yatsu, yana tashi wajen ƙarfe 2 na dare cikin sanyin Ingila don rera Zabura da Latin, yana aiki a ɗakin cin abinci da wurin ɗinkin littattafai. Ya karɓi sunan Cyprian, ya yi wa'adin farko a 1953, na dindindin kuma a 1956. A nan nauyin wa'adin tabbata ya bayyana, domin daga ranar ba shi ke da ikon cewa ga lokacin da zai koma gida ba. Da aka tashi kafa reshen Afirka a 1963, sai aka kai shi kusa da Bamenda a Kamaru maimakon Nijeriya. An zaɓe shi ya zama mai horar da sabbin shiga a can, amma rashin lafiya ya hana shi tafiya. Ya rasu a asibitin Leicester ranar 20 ga Janairu, 1964. Daga baya aka dawo da gawarsa Nijeriya, kuma ranar 22 ga Maris, 1998 Fafaroma John Paul na 2 ya ayyana shi a matsayin mai albarka a garin Oba. Burin da ya tafi dominsa bayansa ya cika, da kafuwar gidan Awhum kusa da Inugu a 1970, da na 'yan Benedikt a Ewu ta jihar Edo ta yau a 1979.

7.0 Kammalawa

Babban taron Fadar Batikan na biyu, daga 1962 zuwa 1965, ya buɗe ƙofar yin ibada da harsunan jama'a, ya kuma nemi kowace ɗarika ta sake duba al'adunta. 'Yan La Trappe suka sassauta ƙa'idar shiru, aka yarda da gajeriyar magana inda akwai bukata, sai ishara ta fara ja da baya. Robert Barakat, wanda ya nazarci isharorin wani gidansu a Amurka ya buga sakamakon a 1975, ya tarar cewa jerin kalmomi a cikinsu yana bin na Ingilishi, kuma wasu isharorin an gina su ne a kan kamancin sauti, kamar a ce Bahaushe ya nuna gadon kwanciya yana nufin gadon dukiya. Wannan ya raba su da harsunan kurame, irin su maganar hannu ta Kano da Constanze Schmaling ta bayyana a 2000, waɗanda ke da nahawun kansu, kuma yara ke tasowa da su a matsayin harshen farko. Isharar zuhudu manya ne masu ji da magana ke koyonta, kuma a kan harshen baka ta jingina.

Duk da haka, tarihinta yana da darasi ga masu tsara manufofin harshe. Hukuma mai cikakken iko a kan mutanen da suka yi mata wa'adin biyayya ta ƙayyade musu adadin kalmomin da za su yi amfani da su, amma ta kasa hana su ƙirƙiro sababbi da harhaɗa tsofaffi. Da aka ɗage dokar da ta haifi tsarin kuwa, sai tsarin ya dusashe cikin 'yan shekaru, domin ba shi da masu gado. Gidajen zuhudu na Nijeriya da Kamaru, inda masu harsuna daban-daban ke zaune ƙarƙashin dokar da aka rubuta da Latin a ƙarni na 6, fage ne da ya cancanci binciken masana harshe, musamman kan yadda ake fassara kalmomin wa'adi zuwa harsunan gida, da kuma abin da ya rage na ishara a hannun dattawansu.